Akwati Na Uku Daga Ƙofa

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Shugaban makaranta ya kira ni ofishinsa. Da kansa ya taso ya janye kujerar da ke gaban tebur don kekena na guragu ya samu wuri, sai kuma ya rasa inda zai ajiye ta, ya tsaya riƙe da ita kamar an miƙa masa jaririn mutane. Tun daga nan na san ba alheri ne ya sa aka kira ni ba.

Zancen ziyarar gidan tarihi ne. Kowace shekara ni ke kai 'yan ajin ƙarshe, ni ke zagayawa da su, kuma abin da suka gani a can shi suke rubutawa a haɗa da makin jarrabawarsu. Ya ce, "Malama, kin san kayan da ake so su gani duk a bene suke. Ba ma son mu ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki." Wai Malamin riƙo, wanda ya riƙe min ajin watannin da nake asibiti bayan haɗarin mota, a shirye yake ya kai su. In kuwa ya kai su, gara ya ƙarasa da su har jarrabawa, kada a raba wa yara hankali. Ni kuma ga ɗakin karatu babu mai kula da shi, a ƙasa yake, ga iska, ga shiru.

Shiru yake yi min talla, kamar na rasa shi a gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafafuna ne suka ajiye aiki, bakina yana nan." Ya kalli kujerar da ke hannunsa. Can ya ce to in kai su, shi ma zai zo da kansa ya gani. In abin ya yiwu, aji nawa ne. Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Ajin nan shi kaɗai ya rage min abin da nake tashi dominsa da safe. In aka karɓe shi ban san me zan yi da safiya ba.

Talata, da hantsi

Na buga waya gidan tarihin. Wata mata ta ɗauka, tana tauna wani abu.

"Kuna da lifta?"

"Muna da ita."

"Tana aiki?"

"Wannan kuma ban ce ba."

Da na yi mata bayani sai muryarta ta yi laushi, ta zuba min sannu har uku. "Kada ki damu, baiwar Allah. Muna da samari majiya ƙarfi a bakin ƙofa, su ɗauke ki cak har keken, kafin ki ƙifta ido kina sama."

Ba za a ɗauke ni cak a gaban ɗalibaina ba. Sau ɗaya aka ɗauke ni cak, a bakin titi, ina ihu a sauke ni a koma kujerar baya a duba

Ba zan rubuta wannan ba.

Laraba, da yamma

Mijina, Baban Tsuntsuwa, ya kira. Ban ɗaga ba.

Asabar, bayan mun dawo

Mijin Yaya ya kai ni in ga wurin da idona. Tun da aka sallamo ni gidansu nake zaune, kuma mutumin nan da a da ba ya ganina bai tsokane ni ba, Farfesa kaza, Farfesa kaza, yanzu ya zama kamar mai jinyar sarauniya. Ko tari na yi sai ya ce sannu. Yau a mota na ce masa tuƙinsa kamar na mai kai ƙwai kasuwa, ina jira ya rama. Ya ce, "Yi haƙuri, in ƙara rage gudu?"

Shekara da shekaru ina shiga gidan nan, wallahi ban taɓa lura akwai tsakuwa daga bakin get har ƙofa ba. Tayoyin gaba suka nutse, sai da ya juya ni ya ja ni da baya kamar buhu. Matakalar gaba kuwa, wadda nake tsayawa a kanta in ƙirga yara, yau na ɗaga kai na gan ta kamar ba ita ba.

Mai sayar da tikiti ya leƙo ta tagarsa, ya tsallake kaina ya tambayi mijin Yaya, "Ita ma za ta shiga?" Mutumin da ya san ni! Da na gaishe shi ya gane muryata, sai ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Akwai gangaren siminti ta baya, an yi shi don irinmu. Sun ɗora tankin ruwa a tsakiyarsa. Ta gefen tankin muka matsa, har fatar yatsuna ta ɗaye a bango. Ciki kuma, ƙasa babu komai sai ofisoshi da shagon sayar da katuna. Banɗakin da aka liƙa wa hoton keke a ƙofa na tura, tsintsiyoyi da bokitai suka yi min maraba. Lifta kuwa an manna mata takarda, takardar har ta yi ja don tsufa. Ana jiran wani ƙarfe daga waje, in ji su.

Muna shirin fita na ji ƙugi ta bayan bango, kamar ana jan guga mai nauyi. Na bi sautin. Wani mutum mai rigar aiki, ma'ajin gidan, yana turo akwati daga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe. Lifta ce ta kaya, an lulluɓe bangonta da barguna don kada tukwane su bugu. Na ce ga hanyata nan. Ya ce, "A'a, Malama, ta kaya ce, ba a sa mutum. Ko ni akwatin nake sawa in bi matakala in tarye shi a sama. Sai dai ki ga Darakta."

Darakta ba ya zuwa ran Asabar.

Lahadi, da rana

Hannuwana ciwo suke har wuya. Yaya ta shafa min man zafi tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai wa nake yi wa wannan wahalar.

Talata, lokacin tara

Darakta yana taro. Jiya ma yana taro.

Ajin nan sun canza, ko ni ce. Waɗannan yaran da a bara sai na buga tebur kafin a ji muryata, yanzu ina turo keke za su yi tsit. Wani ya share allo, wata ta matsar da tebur, wani ya riƙe ƙofa, duk kafin in buɗe baki. Babu mai tambaya, babu mai musu. Na ce akwai wanda bai gane ba? Duk sun gane. Ƙarya suke, ni kaina ban gama gane abin da na faɗa ba.

Malamin riƙo ya tsayar da ni a baranda ya ce in ina buƙatar takardun da ya koyar da su, yana da su a shirye. Yaro ne mai ladabi, ba shi da laifin komai, kuma ba na son ganinsa.

Laraba, da yamma

Yaya tana kwashe kayana da aka kawo daga can gidan, ina jin ta a ɗaki, sai na ji shiru. Na leƙa. Tana tsugune da takalmi ɗan mitsitsi ƙafa ɗaya a hannu, mai ja, wanda ke ƙara in an taka. Ta yi sauri ta tura shi ƙarƙashin zaninta, ta ce wai kyankyaso ta gani.

Na ce to ki kashe shi. Muka bar shi a kyankyaso.

Alhamis, da yamma

Na ga Darakta. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni ruwa, ya ce ba a taɓa kawo musu irin wannan buƙatar ba. Na ce ai mai irin buƙatar ba ya wuce tsakuwar bakin get, ina zai gan ka? Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye sauran.

Matsalar wai inshora ce. Liftar kaya, kaya kawai aka yi wa inshora a cikinta. In ta tsaya da mutum a tsakiya, wa zai amsa? Na ce, "Ranka ya daɗe, ku ɗauke ni a matsayin kaya. Ba na fashewa, an riga an gwada." Bai ji daɗin maganar ba, amma ta yi aiki. Ya ce ranar ziyara ma'aji zai shiga tare da ni, sau ɗaya hawa sau ɗaya sauka, kuma in wani abu ya faru su ba su san zancen ba. Na roƙi a bar ni in gwada kafin ranar. Ya ce Asabar, dab da tashi, lokacin da babu mutane.

Na fito ina jin kamar na ci yaƙi. Har waƙa na yi a mota, mijin Yaya yana ta satar kallona.

Juma'a

Baban Tsuntsuwa ya sake kira. Ya turo saƙo wai yana son ya zo ya kai ni duk inda nake so. Shi zai tuƙa ni? Shi da ya tuƙa mu ranar nan?

Asabar, da magariba

An gudu ba a tsira ba.

Na hau. Liftar tana wari irin na tsohon bargo, tana rawa, ma'aji ya dafa kekena da ƙafa don kada in gangara. Ƙofa ta buɗe, ga babban zauren nan nawa, warinsa ma bai canza ba. Na tura kaina da sauri zuwa akwatin farko kamar mai zuwa gaida uwa.

Katako na gani.

Akwatunan nan irin na tebur ne, gilashi a sama, kaya a kwance a ciki, takardar bayani ma a kwance. An yi su ne don mai tsayuwa ya sunkuya. Ni daga inda nake, bakin akwatin daidai goshina yake. Na miƙe wuya, na dafa hannun keke na ɗaga jikina har hannuwana suka fara karkarwa, abin da na samu shi ne hasken fitila a kan gilashi. Na je na biyu, haka. Duk zauren haka, ban da manyan tulunan da ke tsaye a lungu.

Mako biyu ina faɗa da matakala, ashe ba ita ce ba.

Ma'aji yana tsaye a bakin lifta yana duba agogo. Ya ce, "Kin ga an ɗan yi gyare-gyare bayan damina." Na ga sabon fenti a rufi, na ce eh na gani, ya yi kyau. Ban ce masa ba na ganin komai ba. In na faɗa, gobe Darakta ya ji, jibi Shugaba ya ji. Na zagaya zauren ina gyaɗa kai a gaban katako kamar mai dubawa. Na uku daga ƙofa kawai na wuce ban tsaya ba.

A mota mijin Yaya ya ce yaya, an dace? Na ce an dace.

Lahadi, da asuba

Ban yi barci ba. Ɗakin karatu yana da taga babba, na tuna. Mutum zai iya zama a wurin har ya tsufa babu wanda ya lura.

Lahadi, da la'asar

Na faɗa wa Yaya. Ta ajiye wankin da take ninkewa ta ce, "Ke wai dole sai kin kashe kanki? An ba ki wurin hutu kin ƙi. Mutane nawa ke neman irin wannan?" Na ce hutun me, me na yi da zan huta? Ta ce, "Kin san abin da nake nufi." Na ce ban sani ba, ta faɗa. Ba ta faɗa ba. A gidan nan kowa ya iya tsayawa a bakin magana.

Da ta fita sai abin ya zo min. Me zan yi da gani? Na san zauren nan kamar tafin hannuna. Akwatin farko gatura da wuƙaƙen dutse, babban a hagu, mai tsagewar baki a tsakiya. Na biyu tsingaro, masu zanen igiya a sama, masu zanen farce a ƙasa. Na huɗu ƙarfe, na biyar kuɗin da. Sau nawa na tsaya a kansu ina nuni ban ma kalla ba, idona yana kan masu tsokanar juna a baya? Zan ajiye keke a gefen kowane akwati, in ɗora hannu a kan gilashi, in yi magana. Su ne masu gani, ni ce mai faɗa.

Saura na uku.

Litinin, da yamma

Na jera teburan Yaya a falo ina bita. Farko lafiya, na biyu lafiya. Na uku na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Kayan kabarin wata yarinya ne, da aka tono a gindin wani tudu. Ba ta kai shekara huɗu ba, in ji masana, daga haƙoranta suka gane. An binne ta da sarƙar duwatsu shuɗaye a wuya da 'yar kacau-kacau ta yumɓu a hannu. A da akwatin da na fi so ke nan, nan nake kama yaran da duk zauren bai kama ba. Ina ce musu ku dubi ramin kowane dutse, da hannu aka huda shi, wani ya zauna kwana da kwanaki yana hudawa don wuyan da bai kai damtsena ba.

Ba ta kai huɗu ba.

Ba zan iya tsallake shi ba, kowace shekara sai an tambaye shi a jarrabawa. Kuma in na tsallake, duk za su san dalili, su yi min wannan kallon.

Talata

Na kai rabin bayanin na uku.

Laraba, da yamma

Na kai ƙarshe sau biyu ban tsaya ba. Yaya ta shigo tsakiyar na biyun, ta ji abin da nake faɗa wa teburinta, ta juya ta fita. Na ji ta buɗe famfo a kicin ta bar shi yana zuba.

Daga yanzu ba zan ƙara shan ruwa ba sai mun dawo gobe, saboda tsintsiyoyin nan.

Alhamis, da yamma

Bari in rubuta shi a jere, ko zan iya.

Yara suka bi matakala da Shugaba da Malamin riƙo, ni na bi ta bayan tanki. Da ƙofar lifta ta buɗe suna tsaye suna jirana, babu wanda ya yi dariyar ganin malamarsu ta fito daga cikin barguna. Na so a ce wani ya yi.

Na ajiye keke a gefen akwatin farko, na ɗora hannu a sama, na fara. Muryata ta dawo, wallahi ta dawo, irin ta da. Na ce ku dubi na tsakiyar nan mai tsagewar baki, suka sunkuya, na ji biro yana tafiya. Na biyu ma haka. Shugaba ya harɗe hannu a baya yana gyaɗa kai.

Na uku. Na ɗora tafina a kan gilashin, yana da sanyi. Na faɗi komai. Haƙoran, duwatsun, kacau-kacau ɗin da har yau in an girgiza tana ƙara. Na ce ku dubi ramin kowane dutse. Na ce wanda ya huda su ya san ba za ta girma ta sa su a biki ba, amma ya huda, don ba a sallamar yaro hannu wofi. Wannan ba ya cikin bitar da na yi, shi ya fito da kansa. Zauren ya yi tsit, duk sun sunkuya a kan gilashin, wata tana share ido da bakin hijabi. Na ce a raina na wuce, na wuce, Allah na gode maka.

Da muka gama Shugaba ya matso ya ce, "Malama, kin yi ƙoƙari." Na karɓa da hannu biyu, ni wawuya.

Muna sauka, daga ni sai ma'aji, ya dafa keken da ƙafa. Ya ce, "Kayan yarinyar nan da kike magana, ai suna wurina a ƙasa. Tun da rufi ya yi yoyo a kansu aka sauko da su. In kina so wata rana in buɗe miki."

Na ce, to me ke cikin na uku?

"Ƙugiyoyin kamun kifi."

Bai san abin da ya yi ba, bawan Allah, alheri yake nufi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, har muka isa ƙasa ji nake kamar in shaƙe shi.

Ƙugiyoyin kifi. Suna kallon ƙugiyoyin kifi, ina ce musu ku dubi ramin kowane dutse, suka duba. Ajin gaba ɗaya, da Shugaba, da Malamin riƙo. Babu wanda ya ko yi tari.

Juma'a

Ban je makaranta ba. Na ce wa Yaya kaina ke ciwo.

Asabar, da rana

Sun rubuta kuwa? Na ji biro. Me suka rubuta, abin da suka gani ko abin da na faɗa?

Litinin, bayan an tashi

Shugaba ya kira ni. Wannan karon an riga an fitar da kujerar. Ya ce ya gamsu, aji nawa ne har jarrabawa, Malamin riƙo zai koma ƙananan aji.

Abin da na yi mako uku ina nema ke nan, aka miƙo min, na ji kamar an ba ni sadaka a bakin hanya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ka gani a akwati na uku?" Ya gyara biro a kan tebur, ya sake gyara shi. Ya ce, "Malama, kowa ya san halin da kike ciki. Kin yi ƙoƙari ƙwarai."

Na ce ya ba ni mabuɗin ɗakin karatu in duba wurin. Ya yi mamaki, amma ya bayar.

Talata, lokacin tara

Na gwada su. Ina cikin darasi na ce mutane sun fara ƙera ƙarfe kafin su san sassaƙa dutse. Ɗan aji ɗaya ma ya san ƙarya ne. Na tsaya ina jira. Suka rubuta.

Malamin da ba a iya ce masa ya yi kuskure, me ya rage masa? Zan iya kai su jarrabawa da shirme a kai, su bi ni suna sannu Malama har su faɗi. Tausayina zai kayar da 'ya'yan mutane. Wataƙila Shugaba ya fi ni gaskiya tun farko, Yaya ma haka.

Na shiga ɗakin karatun. Ƙofar tana da faɗi, keke ya shige babu gogawa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Laraba, da yamma

Na shiga aji da niyyar yau ce ta ƙarshe. Amma na ce ba zan tafi in bar musu ƙarya a littafi ba, ko ba komai a gyara ta jiya da ta ran Alhamis. Na rasa ta inda zan fara, sai haushi ya fara min.

Na ce, "Ku ɗauki biro ku rubuta. A akwati na uku akwai sarƙar wuya ta duwatsu shuɗaye." Suka rubuta. Na ce, "Da ita mutanen da suke kama kifi."

Biro ya tsaya. Babu mai ɗaga kai. Can daga layin baya wata ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kufce mata ta hanci, fuu, kamar akuya ta shaƙi gari. Wata doguwa ce mai tabarau. Na kusa da ita ya kama, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa.

Na daka mata tsawa, "Ke! Tashi ki fita!"

Ta miƙe, har ta kai ƙofa, sai ta juyo. "Malama, ni fa ban yi komai ba. Ke kika ce sarƙa, mu kuwa ƙugiya muka gani."

"Kun gani?"

"Mun gani."

"Kina da baki ashe. Me ya hana ki faɗa a can, kika bar ni ina zuba kamar rediyo?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta kalli sauran, babu wanda ya taimake ta. Ta ce, "Malama, ai maganar 'yarki kike yi."

Tun da abin ya faru babu wanda ya faɗi kalmar nan a gabana, ko Yaya, ko ni. Na ji ta har cikin ƙafafun da aka ce ba sa jin komai. Na yi kuka a gaban aji, irin wanda ba a ɓoyewa, kuma ban mutu ba. Ba su ce sannu ba, Allah ya yi musu albarka.

Da na samu numfashi na ce eh, maganarta nake yi, kuma duk da haka ƙugiya ƙugiya ce, a jarrabawa ba za a tausaya wa kowa ba. Na ce ta koma ta zauna ta faɗa min abin da ke cikin akwatin, tunda ni katako kawai na gani daga farkon zauren har ƙarshensa. Ta ce ƙugiyoyi ne na ƙashi, manya da ƙanana, wasu da 'yar tsaga a gindi inda ake ɗaura zare. Wanda ya kifa kai ya ɗago ya ce ƙarya ne, na ƙaho ne, shi ya karanta takardar. Ta ce yaushe ya fara karatu? Wata ta ce kuma Malama abin da kika faɗa jiya na ƙarfe ma ba haka ba ne. Na ce a bari sai an gama da ƙugiya. Gardama ta kaure, masu ƙashi a nan, masu ƙaho a can, har aka buga ƙararrawa babu wanda ya ji.

Suka juyo wai in raba musu. Ni dai ban gani ba, don haka na bar su suna yi.